Kafin A Kai Kwamfutar Hannu Wurin Mai Gyara

Sau da yawa mukan ga 'yan'uwa sun jona kwamfutar hannu da babbar kwamfuta domin kwashe hotunan biki ko darussan yara, sai ta ƙi bayyana. Nan take a ce ta lalace, a garzaya wurin mai gyara, wani lokaci ya goge komai, a yi asarar kuɗi da hotuna.

Galibi ba lalacewa ba ce. Tun daga Android 6 na shekarar 2015, caji kawai na'urar take yi idan aka jona ta, sai an buɗe makullin allonta, an taɓa sanarwar USB, an zaɓi tura fayil. In hakan bai yi ba, a sauya igiyar, domin wasu igiyoyi masu araha wuta kaɗai suke ɗauka.

Na uku shi ne direba, wato ƙaramar manhajar da ke sa Windows ta gane na'ura. A buɗe Device Manager, in an ga alamar rawaya kusa da sunan na'urar, a cire direban, a zare igiyar a sake jonawa. Windows za ta mayar da shi da kanta.

In duka ukun sun gaza, shawararmu a je wurin mai gyara, amma a ja kunnensa kada ya goge komai.