Aiki da Cefane a Birtaniya da Biyetnam

Tattalin arzikin Birtaniya ya dogara ne kan ayyukan hidima, wato banki da inshora da ilimi da makamantansu, waɗanda ke samar da kusan kashi 80 cikin 100 na arzikin ƙasar. Da yake ma'aikaci kan wuni a ofis, iyalai da yawa sukan haɗa cefanen mako guda a manyan kantuna irin su Tesco, ko su yi oda ta intanet, kuma dokar 1994 ta taƙaita cinikin manyan kantunan Ingila da Wales zuwa awa shida ranar Lahadi.

Biyetnam kuwa ta sauya alƙibla ne a 1986 da tsarin Doi Moi, wanda ya sassauta riƙon gwamnati kan noma da kasuwanci, har ta zama ta biyu bayan Brazil wajen fitar da kofi, yayin da masana'antun kamfanin Samsung na lardunan Bac Ninh da Thai Nguyen suka janyo matasan karkara. Duk da yawaitar kantunan zamani, magidanta da dama ba su rabu da kasuwar asuba ba, inda ake zuwa a kan babur a sayi ɗanyen kifi da ganye na girkin ranar, a kuma yi tayi.