Ɗafa-ƙeyar "-ing" a Turanci: Sunan Aiki ko Sifar Aiki?

A nahawun Turanci akwai kalmomi iri biyu da suke ƙarewa da ɗafa-ƙeyar "-ing", kuma kamarsu ɗaya a rubuce. Turawa suna kiran na farko "gerund", wato sunan aiki, na biyu kuma "present participle", wanda za mu kira sifar aiki a nan. Ba a gane su ta siffarsu, sai ta aikin da suke yi a cikin jimla.

Sunan aiki yana zama duk inda suna zai zauna. Alal misali, a "Reading is good" kalmar "reading" ita ce aikau, kamar yadda muke cewa "Karatu yana da kyau". A "She likes cooking" kuwa karɓau ce. Sifar aiki ita kuma ko dai ta bi aikatau mataimaki don nuna lokaci mai ci, kamar "She is cooking", ko ta siffanta suna, kamar "a crying child", yaro mai kuka.

Hanya mafi sauƙi ta gwaji ita ce a cire kalmar a sa "it" a gurbinta. "She likes it" ta zauna daidai, ke nan "cooking" suna ne. Amma "a it child" ba magana ba ce. Haka kuma "walking stick" sanda ce ta dogarawa, ba sanda mai tafiya ba, don haka sunan aiki ne, kuma a furuci ana ƙarfafa kalmar farko. Wani lokaci aikatau ne kawai yake raba gardama: "Visiting lecturers is tiring" tana nufin ziyartar malamai da gajiya, "Visiting lecturers are tired" kuwa malamai baƙi ne suka gaji.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne bayan "to". A ƙarshen wasiƙa ana yawan ganin "I look forward to see you". Kuskure ne, domin wannan "to" ɗin suna take nema a bayanta, saboda haka "seeing you" ne daidai. Mai gyaran jarrabawa ba ya ƙyale irin wannan.

Abin sha'awa, Hausa ma tana da nata irin haɗuwar. "Karatu" ɗaya ne a "Yana karatu" da "Karatu yana da wuya", domin lokaci mai ci a Hausa yakan ɗauki sunan aiki. Shi ya sa "his coming" take daidai da "zuwansa" ba tare da wahala ba.

A tsohon Turanci ma ba kama ɗaya suke ba: sunan aiki yana ƙarewa da "-ung" ko "-ing", sifar aiki da "-ende", daga baya suka haɗe. A 2002 Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum, a babban littafinsu na nahawun Turanci da Jami'ar Kambirij ta buga, sun ce babu dalilin raba su, suka ba su suna guda. A ganina suna da hujja ta fuskar siffa, amma mai koyo yana bukatar rabewar, ko don ya san abin da zai sa bayan "to".