Ba kowace mantuwa ce gigin tsufa ba

A gidajenmu na Birnin Kudu da Gwaram, da zarar dattijo ya fara neman carbin da ke wuyansa, ko ya riƙa rikicewa a raka'o'in Azahar, hukunci ɗaya ne: "Baba tsufa ya kama shi." Wasu ma su ce sammu ne. Masu cewa tsufa suna da hujja, domin gigin tsufa gaskiya ne, kuma haƙurin da suke yi da iyayensu abin yabo ne. Roƙona dai, kafin a yanke hukunci, a buɗe ledar magungunan Baba, musamman idan yana da ciwon suga.

Masu ciwon suga da yawa na fama da raɗaɗin tafin ƙafa, kamar ana tsira musu allura, har barci ya gagara. Jijiyoyi ne suga ya cinye. Abin da aka fi rubuta musu shi ne amitriptyline, ko gabapentin, ko pregabalin da ake sayarwa da sunan Lyrica. Magunguna ne masu amfani ƙwarai. Sai dai aikinsu shi ne dusashe saƙon da jijiya ke aikawa, kuma ba a ƙafa suke tsayawa ba, har ƙwaƙwalwa suke kaiwa. Takardar da ke cikin kwalin pregabalin ta ambaci jiri da gyangyaɗi da ruɗewa da mantuwa. Ita kuwa amitriptyline tana toshe wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke buƙata wajen riƙe sabon abu, shi ya sa ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ta sa ta cikin magungunan da ya kamata a kauce wa bai wa mai shekara 65 zuwa sama.

Akwai kuma batun ƙoda. Ita ce ke fitar da gabapentin da pregabalin daga jiki, ita ce kuma suga ke raunanawa a ɓoye. Ƙwayar da Baba ya ɗauka lafiya bara, bana tana iya taruwa a jininsa. Ko metformin, maganin sugan kansa, idan an daɗe a kansa yakan rage bitamin B12, ƙarancinsa kuwa na kawo zafin ƙafa da mantuwa tare.

Lokaci ne babban mai shaida. Gigin tsufa yakan shigo sannu a hankali, cikin shekaru. Mantuwar magani kan bayyana kwanaki ko makonni bayan an fara sha ko an ƙara yawa, kuma galibi takan sauka idan likita ya gyara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗan da zai je kemis da tsohon kwali ya ce a ba shi "irin na wancan karon", wata da watanni, ba wanda ya sake duba Baba. A Ingila, tun Afrilun 2019 aka sa gabapentin da pregabalin cikin magungunan da doka ta tsaurara bayar da su.

Kada kuma tsoro ya sa a yanke maganin rana ɗaya. Hakan na iya jawo rashin barci da fargaba, har da jijjiga. A kwashi magungunan duka, har da na gargajiya, a kai Baba Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ko asibiti mafi kusa. A faɗa wa likita lokacin da mantuwar ta fara, a kuma nemi a duba ƙodarsa.