Ciwon Dajin Babban Hanji: Gwaji Ɗaya Ba Ya Wadatarwa

Ciwon dajin babban hanji ba ya kama mutum dare ɗaya. Yakan soma ne da wani ɗan tsiro a jikin hanji, ba zafi, ba ƙaiƙayi. Tsiron nan yakan yi wajen shekara 10 kafin ya rikiɗe ya zama daji. Idan an gan shi a cikin wannan tsakani, likita na iya cire shi, mutum ya koma gonarsa.

Abin takaici shi ne, yawancin masu wannan cuta a Nijeriya ba sa zuwa asibiti sai ta ci ƙarfinsu. Mutum ya ga jini a bayan gidansa, sai ya ce basir ne ko atuni, ya duƙufa shan jiƙo da sassaƙe wata da watanni. Kunya ma tana da nata laifin.

Gwajin farko ba shi da wuya. Ɗan bayan gida kaɗan ake karɓa, a binciki jinin da ido ba ya gani. Babu allura, babu yanka. A Amurka, tun 2021 ake ba da shawarar a fara daga shekara 45. Idan an sami jini, ba lalle daji ba ne, amma wajibi ne a tura mutum babban asibitin da ke da na'urar leƙa hanji, ko da Abuja ce ko Zariya.

To, a nan gizo ke saƙar. Gwajin na kowace shekara ne, domin tsiron ba kullum yake zubar da jini ba. Gangamin kwana uku, a watse, a manta, ba ya tsinana kome. Tun 1988 manufar lafiya ta ƙasa ta ɗora tushen kiwon lafiya a kan ƙananan asibitoci, saboda haka nauyin yana wuyan ɗakin shan magani na kusa, a Wushishi ne ko Zungeru. Ya kamata malamin asibiti ya ajiye littafi: sunan wanda aka gwada, unguwarsa, ranar dawowarsa. Wanda aka tura gaba a bi sawunsa, don sau da yawa kuɗin mota ne ke tsayar da manomi, musamman da damina. Masu unguwanni da limamai su riƙa tunatar da jama'a.

Wanda kuwa ya riga ya ga jini, ko yana ramewa babu dalili, ko wani na jininsa ya taɓa yin wannan ciwo, kada ya jira shekarunsa su kai 45. Ya je ya ga likita.