Bayani a Kan Ruwan Tarwada Mai Rai

Ya ku dillalai, mu masu auna wa masu kiwon kifi masara mun ga asara da idonmu, kuma yawanci ruwa ne sanadi. Tarwadar da aka ɗauko daga madatsar Tomas ta wajen Ɗambatta, kada a gwama ta da ta gida. A ware mata mazubinta kwana 14, in da cuta ta bayyana tun ba ta yaɗu ba. Ruwan famfo sai ya kwana a buɗe, maganinsa ya fita. In ruwa ya yi kumfa ko wari, kashin kifi da ragowar abinci sun zama dafi ke nan. A zubar da rabi, a ƙara sabo. Jajiberin kasuwa a hana ta abinci. Matacciyar tarwada, kun sani, sai yadda mai saye ya taya.