Yadda Ake Haɗa Na'urorin Gida Da Kafa Uwar Garke

Abin da yawancin gidaje suka sani game da intanet ɗinsu shi ne wani ɗan akwati mai ƙyafta fitilu da ke falo. In ya yi aiki kowa ya samu sabis, in ya ƙi a kashe a sake kunnawa. Alhali ayyuka huɗu ne aka cusa a cikinsa, kuma duk wanda ya iya rarrabe su zai san inda zai gyara, inda zai faɗaɗa, da inda bai kamata ya zuba kuɗinsa ba.

Aiki na farko na modem ne, mai magana da kamfanin sadarwa, ko ta layin 4G da 5G, ko ta kebul ɗin gilashi da ake kira faiba, ko ta tauraron ɗan'adam irin na Starlink da ya fara aiki a Najeriya a 2023. Na biyu na rauta ne, wadda ke tsakanin gida da waje. Na uku na suwic ne, wato ramukan nan da ke bayan akwatin inda ake cusa kebul. Na huɗu kuwa Wi-Fi ne, mai isar da saƙo ta iska.

Rauta ita ce zauren gidan: duk mai shiga da mai fita ta nan zai bi. Da zarar waya ko kwamfuta ta haɗu da ita, sai ta ba ta adireshi na cikin gida, galibi mai farawa da 192.168. Waɗannan adireshi ba sa aiki a waje. Dalili shi ne tsohon tsarin adireshin intanet, IPv4, bai wuce guda biliyan 4.3 ba, ba zai ishi na'urorin duniya ba. Don haka rauta ke fita da saƙon kowa da adireshi ɗaya, ta riƙe lissafin wanda ya aika me, in amsa ta dawo ta miƙa wa mai ita. A nan akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: ko data ta ƙare, na'urorin gida suna iya magana da junansu, domin saƙon da ya tashi daga ɗaki zuwa ɗaki ba ya bi ta kamfanin sadarwa. A kan wannan ne amfanin uwar garke, wadda bayaninta ke tafe, ya ginu.

Kebul kafin komai

Fasahar Ethernet, wadda Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a kamfanin Xerox a Amurka a 1973, har yau ita ce mafi aminci a cikin gida. Kebul nau'in Cat5e yana ɗaukar gigabit 1 a daƙiƙa har tsawon mita 100. Cat6 yana iya kai gigabit 10 idan tsawon bai wuce kimanin mita 55 ba. A kula da ma'auni: bit 8 ne ke yin bayit 1, saboda haka layin megabit 100 yana kwashe kimanin megabayit 12 ne kacal a daƙiƙa. Bidiyon biki mai gigabayit 50 zai ci fiye da awa ɗaya a irin wannan layi, amma a layin gigabit bai fi minti 8 ba.

Gudun saƙo kuma daidai yake da na wuri mafi rauni a hanyarsa. In kwamfuta da kebul duk na gigabit ne amma tsohon suwic na megabit 100 ne, to megabit 100 za a samu. Wajen saye a nemi kebul na zallar tagulla. Akwai mai araha wanda alminiyam ne aka shafa wa tagulla, in ka kankare shi da reza za ka ga fari a ciki. Yana saurin karyewa, kuma ba ya jure ɗaukar wuta zuwa kyamara ko na'urar Wi-Fi. Wanda yake gini ya sa bututun kebul a bango tun kafin filasta, don fasa bango daga baya ya fi kebul ɗin tsada. Idan kuma za a haɗa sassa biyu da tsakar gida ta raba, faiba ta fi dacewa, domin gilashi ba ya ɗaukar wutar tsawa a damina.

Me ya sa Wi-Fi ba ya kai wa ɗakin ƙurya?

Wi-Fi yana tafiya ne a zango biyu da aka fi sani. Na 2.4 GHz yana nisa, yana ɗan ratsa bango, amma ba shi da sauri kuma cunkoso ya yi masa yawa a unguwa mai gidaje manne da juna. Na 5 GHz yana da sauri, sai dai bango biyu na bulo sun isa su raunana shi, balle dekin kankare mai rodi. Shi ya sa sayen rauta mai eriya shida ba ya warware matsalar babban gida, domin ko siginal ɗinta ya isa ɗakin, ƙaramar wayar da ke can ba ta da ƙarfin mayar da amsa. Magani shi ne a ja kebul zuwa wancan sashe, a kafa na'urar Wi-Fi ta biyu, a ba ta suna da kalmar sirri iri ɗaya da ta farko. A ɗora ta a sama, a sarari, ba bayan talabijin ba.

Uwar garke

Uwar garke, wadda masu gyara ke kira sabar, ba wata na'ura ce ta musamman ba. Kwamfuta ce da ake bari a kunne don ta yi wa sauran hidima. Tsohuwar laftof ta isa, haka ma ƙaramar kwamfutar ofis ta hannu, ko Raspberry Pi da aka fara sayarwa a Ingila a 2012, wadda ba ta fi tafin hannu ba. Akan sa mata Linux, kamar Debian ko Ubuntu, waɗanda kyauta ne. A haɗa ta da rauta ta kebul, a kuma umarci rautar ta riƙa ba ta adireshi ɗaya kullum don sauran na'urori su san inda za su same ta.

Daga nan sai a zaɓi hidima. Samba tana buɗe ma'ajiyar fayil da kowa zai gani daga na'urarsa. Nextcloud tana kwashe hotunan waya da kanta da zarar an shigo gida. Jellyfin tana jera finafinai, karatuttuka da wa'azozi a kalla a talabijin ba tare da an ƙona data ba. Kiwix tana ajiye Wikipedia, har da ta Hausa, yara su yi bincike ko babu intanet. A fara da ɗaya, a iya ta sosai, sannan a ƙara.

Wuta, zafi da ƙura

Na'urar da ba a kashewa, lissafin wutarta daban ne. Mai cin wat 10 za ta sha yunit 7.2 a wata, mai cin wat 100 kuwa yunit 72. Ga mai sola da inbata wannan bambanci shi ne tsakanin batir da zai kwana da wanda zai mutu da tsakar dare. Don haka manyan sabar na kamfanoni da ake samu da araha ba su dace da gida ba, ga ƙara ga cin wuta. Ɗaukewar wuta farat ɗaya kuma tana lalata fayil ɗin da ake cikin rubutawa. A nan laftof ta yi zarra, tunda batirinta na jikinta. Sauran na'urori suna bukatar UPS, wato batirin da ke riƙe su in an ɗauke wuta, kuma a sa rauta da suwic a kansa su ma.

A Kano, Sakkwato ko Maraɗi zafin bazara yakan haura digiri 40, hunturu kuma ya cika fanka da ƙura. A ajiye na'urar inda iska ke zagayawa, a ɗaga ta daga ƙasa, a riƙa busa ƙurarta lokaci-lokaci.

Ajiya amana ce

Kowane faifan ajiya zai mutu wata rana. Tsarin RAID 1 yana rubuta abu ɗaya a faifai biyu, in ɗaya ya mutu ɗayan ya ci gaba. Amma in ka goge fayil bisa kuskure, ya gogu a duka biyun, in ɓarawo ya ɗauke na'urar ya tafi da duka. Shi ya sa masana ke bin ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wajen gida. Faifan da ake kai wa gidan ɗan'uwa duk wata ya cika sharaɗin ƙarshe. A riƙa gwada dawo da fayil daga ajiyar, don kada sai ranar bukata a tarar babu komai a ciki.

Tsaro ma daga ƙananan abubuwa yake farawa. A 2016 muguwar manhajar Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan rautoci da kyamarori ta hanyar gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga masana'anta, aka yi amfani da su wajen durƙusar da manyan shafukan intanet. A canza kalmar sirrin rauta tun ranar farko, a kulle Wi-Fi da WPA2 ko WPA3, a ware wa baƙi nasu layin, a riƙa sabunta manhaja. Mai son shiga uwar garkensa daga kasuwa ko ofis kada ya buɗe ta ga duniya. Kamfanonin waya ma sukan haɗa kwastomomi da yawa a adireshi ɗaya, don haka buɗewar sau da yawa ba ta aiki. Manhaja irin Tailscale, da aka gina kan WireGuard, tana haɗa wayarka da gida ta rufaffiyar hanya wadda kai kaɗai ke da makullinta.

Idan lokacin ƙari ya yi, a bi tsari: wuta tukuna, sai kebul da suwic, sai Wi-Fi, sai faifai na biyu don ajiya, sannan a yi maganar sabuwar kwamfuta. Kafin kowane saye a auna, a kwafi babban fayil a ga gudunsa ta kebul da ta iska, a gano inda yake maƙalewa. A kuma liƙa suna a kowane kebul, a rubuta adireshi da kalmomin sirri a littafi a adana, a koya wa wani a gidan. Takardun fili, hotunan iyaye da karatun yara na iyali ne gaba ɗaya, bai kamata hanyar isa gare su ta tsaya a kan mutum ɗaya ba.