Bindigar Toka: Awon Albarushi Ne Ke Kai Harsashi Inda Aka Nufa

Duk wanda ya taɓa tasowa daga Badawa ko Giginyu don kallon Hawan Nassarawa ya san 'yan bindigar Sarki: hayaƙi ya turnuƙe, ƙara ta kaɗa hanji, dawakai na zabura. Al'ada ce mai tushe, domin Tarihin Kano ya nuna Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye dakarun 'yan bindiga, kuma a ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimu har albarushi da igwa ake haɗa masa a cikin birninsa. Sai dai kallon hawa ya dasa wa jama'a wata fahimta mai haɗari, wato bindigar da ta fi ƙara ita ta fi kyau, wanda ya fi cika mata albarushi shi ya fi iya ta. A wurin hawa, inda ba a sa harsashi kuma amo ake nema, wannan yana da ɗan gurbi. Amma ga maharbi ko ɗan sintiri mai son dalma ta faɗa inda ya auna, abin da ke aiki shi ne ɗurin yau ya zo daidai da na jiya, ba ƙari ba ragi.

Dalilin yana cikin yadda albarushi ke ci. Garin gawayi ne da farar wuta da wani gishiri mai ciyar da wutar, kuma kowace ƙwaya daga bayanta take kamawa ta ci zuwa ciki. Saboda haka mai laushi yana tashi nan take ya matsa wa bututu da ƙarfi, mai tsaki-tsaki kuma yana ci a hankali. Idan aka zuba gauraye a gora ɗaya aka yi ta yawo da shi a daji, laushin ya kan koma ƙasa, manyan ƙwayoyi su taso sama, sai ɗurin safe ya bambanta da na yamma ko da awon bai canja ba. Ga kuma danshi, wanda albarushi ke zuƙa daga iska: abin da ya tashi fau a busasshen hunturun Kano, shi ne zai yi ta jan ƙafa a marka. Sannan fiye da rabin abin da ya ƙone ba ya zama iska, toka ce da hayaƙi, wani ya fita wani ya manne a cikin bututu ya matse hanya, harbi na biyar ya fita da saurin da ba na farko ba. To harsashi tun da ya bar baki yake faɗuwa, kuma wanda ya fita a sanyaye ya fi daɗewa a hanya, don haka ya fi sauka ƙasa. Maharbin zai rantse idonsa da hannunsa ba su motsa ba, kuma gaskiya ya faɗa, ɗurin ne ya motsa. Wannan ya sa sojojin Turai a ƙarni na 17 suke rataya 'yan kuratandu, kowane da awon harbi ɗaya, kafin daga baya a koma naɗe awon a takarda.

Wani zai ce tsofaffin maharba da tafin hannu suke awo, ga shi sun ci da iyali da naman daji. Haka ne, amma a lura da kyau: tsohon da ya shekara yana ɗura bindiga ɗaya da albarushin mutum ɗaya, hannunsa ya riga ya zama ma'auni, kamar mai ƙosai da ke ɗebo ƙullu kai ɗaya ba ta duba ba. Kuma shi ba ya harbi daga nesa, sanɗa yake yi har ya kusa taɓa naman. Saurayin da ya sayi bindiga bara, yana sayen albarushi yau a wannan kasuwa gobe a waccan, bai gaji wannan hannu ba. Wani kuma zai ce bindigar toka cikinta sumul yake, ba ta da tsagin da ke murza harsashi, don haka ko an auna ko ba a auna ba sai ta kauce. Wannan hujja ta fi ƙarfi, kuma Benjamin Robins na Ingila ya tabbatar da ita a littafinsa na 1742, inda ya nuna dunƙulen dalma na karkacewa saboda juyin da yake ɗauka yana gogar bututu. Amma kaucewar da ba ka da iko a kanta ba dalili ba ce ta ƙara wadda kake da iko a kanta. Game da masu cewa asiri ne ya ɗaure bindiga in ta ƙi tashi, ya kamata a fara taɓa albarushin a ji ko ya jiƙe.

Inda batun ya wuce gwaninta ya shiga rai shi ne ƙarfen. Da yawa daga bindigogin da maƙera ke ƙerawa bututun ruwa ne ko sandar sitiyarin mota, ba wanda ya gwada iyakar abin da za su iya ɗauka. Ɗuri biyu a kan juna saboda mantuwa, ko harsashin da bai zauna a kan albarushi ba ya bar fili a tsakani, ko kuma, mafi muni, a farke harsashin zamani a juye garinsa a ciki, kowane na iya tsaga bututu a daidai inda hannun hagu yake riƙe. Garin harsashin zamani ƙarfinsa ya ninka na albarushi, ba a yi shi don irin wannan ƙarfe ba sam. Dokar makamai ta 1959 ma ba ta ɗauki bindigar toka abin wasa ba, ta ba kwamishinan 'yan sanda na jiha ikon hana mallakarta ba tare da lasisi ba. Abin da ya rage, kuma ƙungiyoyin maharba da na sintiri su suka fi kowa ikon yinsa, shi ne kowace bindiga ta sami ma'auninta na ƙarfe ko na ƙaho da aka yanke mata, a ɗaure shi a jikinta, a kuma hana sabon shiga ɗuri kai tsaye daga gora.